Kafin Ka Ce "A Yi Fomatin Kawai"

Daga wani ɗalibin ND 2, Sashen Kimiyyar Kwamfuta

Saura mako uku mu yi difens na firojet, laftof ɗina ta yi baƙin allo. Ba wanda ya yi min, ni na jawo wa kaina. Tsohuwa ce 'yar gwanjo, RAM ɗinta 4GB, batir kuwa ya daɗe da mutuwa, in an zare caja ko minti ɗaya ba ta ƙarawa. Ubuntu ne a kanta, amma fuskar da yake zuwa da ita, wato GNOME, ta yi mata nauyi. In na buɗe burauza da wurin rubuta kod a tare sai ta riƙa jan ƙafa. Na ce bari in saka Xfce, wadda aka sani da rashin nauyi. Ana tsakiyar sakawa aka ɗauke wuta a hostel. Da aka dawo da ita na kunna, ba komai a allo sai wani ɗan farin layi yana ƙyaftawa a kusurwa.

Babi huɗu na firojet ɗina suna ciki, da kod ɗin da na yi wata biyu ina fama da shi, kuma ban kwafe su a ko'ina ba. Washegari na kai ta wani shagon gyara. Mai shagon ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ai ta tafi. Sai dai a yi fomatin a sa maka Windows. Wa ma ya ce ka sa wannan abin?" Wallahi saura kaɗan in amince. Kuɗin ne bai cika ba, shi ya cece ni.

A lab na haɗu da wata 'yar HND 2, na ba ta labari. Ta ce, "Ƙanina, me kwamfutar ta ce maka?" Na ce, "Yaya, ai ba ta cewa komai." Ta yi dariya ta ce, "Kai ne ba ka tambaye ta ba. Danna Ctrl da Alt da F3 tare." Ina dannawa sai ga rubutu yana neman sunana da kalmar sirri. Na shiga, na duba, ga fayilolina nan lafiya lau, ko ɗaya bai ɓata ba. Da na sake gwada umarnin saka Xfce, injin da kansa ya rubuto cewa an katse shi yana cikin aiki, in buga sudo dpkg --configure -a. Na buga, na bi shi da sudo apt --fix-broken install, na sake kunnawa. Gyaran gaba ɗaya bai kai minti ashirin ba. Ko data ban kashe ba, domin apt yana fara sauko da kayan ne duka ya ajiye kafin ya fara ɗora su, kuma ya riga ya gama saukowa kafin a ɗauke wuta.

Tun ranar abin ke ci min rai. Shekara biyu ina karanta Kimiyyar Kwamfuta, na ci jarrabawa a kan tsarin gudanar da kwamfuta, na zana hoton yadda sassansa suke hawa-hawa na samu maki, amma da abin ya zo gabana a zahiri ban san inda zan taɓa ba. Ra'ayina shi ne, wannan al'ada tamu ta "a yi fomatin" duk lokacin da wani abu ya ƙi, ita ke cinye mana sana'ar da muka zo nan koya. Fomatin yana goge matsalar, ya goge dalilinta, ya goge darasin da ke cikinta, wani lokaci har da firojet ɗin mutum.

Abin da ban gane ba a da shi ne, a Linux fuskar da kake gani daban take da tsarin da ke ƙarƙashinta. Ka ɗauke shi kamar gida. Akwai ginin kansa, wanda ke riƙe da fayiloli da hanyar intanet da komai. Akwai mai gadi a ƙofa, wato shirin da ke nuna maka wurin saka kalmar sirri, irin su GDM, LightDM da SDDM. Sai kuma falo, wato fuskar da kake aiki a ciki: GNOME, KDE Plasma, Xfce, LXQt, Cinnamon ko MATE. In mai gadi bai fito aiki ba, ko an bar gyaran falo rabi da rabi, gidan yana nan tsaye. Ctrl, Alt da F3 ƙofar baya ce. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn. Kuma kada ka ruɗe in kana buga kalmar sirri ba ka ga ko tauraro ɗaya ba, haka abin yake, yana karɓa.

Bayan tawa na zauna da abokai da dama a kan nasu, kuma na lura matsalolin suna maimaita kansu. Akwai wanda ke saka kalmar sirri daidai, allo ya yi ƙif, ya dawo da shi wurin saka kalmar sirri. Muka shiga ta ƙofar baya muka buga df -h, sai ga faifansa ya cika dam, kashi 100. Fuskar tana buƙatar ɗan wuri ta rubuta ƙananan fayiloli kafin ta buɗe, ba ta samu ba. Muka buga sudo apt clean, ya goge finafinai biyu, shi ke nan. Akwai mai irin wannan alama sak amma dalilinsa daban: ya taɓa tayar da fuskar da sudo, sai wani ɓoyayyen fayil mai suna .Xauthority ya koma mallakar root, umarnin chown ya maido masa da shi. Akwai wanda ya saka fuska biyu, masu gadi biyu suka rikice a ƙofa ɗaya, sudo dpkg-reconfigure lightdm ya ba shi damar zaɓen guda. Akwai wanda tun daga kunnawa katin hotonsa ke ƙin jituwa da direba. Shi kuma a allon GRUB aka danna e, aka ƙara kalmar nomodeset a layin tayarwa, ya samu ya shiga ya saka direban da ya dace.

Mafi yawa kuwa su ne masu kwafo umarni daga bidiyon YouTube na shekaru biyar baya, su liƙa ba tare da sun duba ko na sigar da ke kan injinsu ba ne. Umarnin lsb_release -a zai faɗa maka sigarka cikin daƙiƙa ɗaya. Sannan journalctl -b zai nuna maka abin da ya faru tun daga kunnawa, layi bayan layi. Injin yana rubuta ciwonsa da kansa, mu ne ba ma karantawa. Da mun ga rubutu ya cika allo sai gabanmu ya faɗi.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa min a ido. Na farko: lokaci. Mutum yana da asainmen gobe da safe, ina shi ina binciken layukan kuskure? Gaskiya ne, kuma ban ce ka fara gwaji a daren da za ka miƙa aiki ba. Ni da na yi haka ai na ji jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka lissafa awannin da fomatin ke ci, da sake saka kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tuna cewa dalilin da ya jawo matsalar yana nan yana jiran ka karo na biyu.

Na biyu: wai kasuwa Windows ta sani. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Ɗan Akitekca mai aiki da AutoCAD, ko mai zane da CorelDRAW, ba zan ce ya bar abin da ke ba shi abinci ba, domin waɗannan ba a yi su don Linux ba. Amma mu 'yan kwamfuta fa? Wayar Android da ke aljihunka a kan ƙwayar Linux take tafiya. Tun 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukansu Linux suke amfani da shi. Sabobin da ake ɗora shafukan intanet a kansu galibi ba su da wata fuska sam, wannan baƙin allon da ya kai ni shagon gyara shi ne ofishin mai kula da su daga safe har dare. Sannan ga batun aljihu. Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da sababbin furosesa. Ku leƙa ajinmu ku ƙirga laftof nawa ne za su cika wannan sharaɗi. Tsohuwar inji da Xfce ko LXQt a kanta za ta iya kai ɗalibi har ya gama HND.

Na uku, wanda na fi ɗauka da nauyi: data da wuta. Fayil ɗin saka Ubuntu 24.04 kaɗai ya kusa 6GB. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci ba zai yi ta saukowa yana gwaji ba. A nan ne nake ganin ƙungiyar ɗalibai da ta sashe suna da rawar takawa, kuma ba wani kuɗi mai yawa abin zai ci ba. A samu filas biyu ko uku a ɗora musu Ventoy, wanda ke ba da damar zuba tsare-tsare da yawa a filas ɗaya, a ajiye a ofishin ƙungiya, mai buƙata ya sa hannu ya ara. A ɗauko tsohuwar kwamfuta ɗaya a saka mata apt-cacher-ng, ta yadda abin da ɗalibi ɗaya ya sauko za ta riƙe, na bayansa ya ɗauka ba tare da an sake kashe data ba. A ware Asabar ɗaya a wata a kunna janareta, kowa ya zo da laftof ɗinsa mai ciwo, 'yan HND su zauna da 'yan ND, da doka guda: ba a yin fomatin sai an faɗi dalilin matsalar.

Ga malamanmu kuma, da girmamawa nake roƙo. A cikin furaktikal, a ba mu inji da aka lalata da gangan, a ce ga awa ɗaya, nemo abin da ke damun sa ka rubuta yadda ka gano. Wannan maki zai fi amfanar mu ranar da aka tura mu SIWES ko muka je neman aiki, inda ba wanda zai ce ka zana hoto, sai dai a nuna maka injin da ya ƙi tashi a ja da baya ana kallon ka.

Mu ma akwai namu. Kwafe aikinka a filas da imel kafin ka taɓa komai. Kada ka fara saka babban abu a injin da ba batir sai ka tabbatar da wuta. Karanta abin da allo ya rubuta kafin ka kira kowa, in za ka tambaya kuma ka ɗauki hoton saƙon, kada ka ce "ta ƙi" kawai. Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, yana da shekara 21, ya fara rubuta Linux a 1991. Ni ina da 22, ban ce zan rubuta nawa ba. Amma kunya ce in karɓi takardar difloma alhali ɗan farin layi mai ƙyaftawa yana iya kora ta shagon gyara da firojet ɗina a hannu. In taka ta yi baƙin allo a wannan zangon, ka neme ni a lab kafin ka biya kuɗin fomatin. Yadda aka nuna min kyauta, haka zan nuna maka.