Me Tsofaffin Japan Ke Samu A Jera Furanni?

Masu iya magana kan ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mutanen Japan suna da wata daɗaɗɗiyar al'ada ta jera furanni da rassan itatuwa a cikin kasko ko tulu, wadda suke kira ikebana. Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya cewa wannan ai aikin wanda ya rasa abin yi ne. A nawa ganin kuwa, ayyukan nishaɗi kaɗan ne suka kai ta amfani ga dattijo.

Sunan kansa abin lura ne. An gina shi daga kalmomi biyu: ikeru, wato raya abu, da hana, wato fure. Al'adar ta samo asali daga furannin da ake ajiyewa a wuraren bauta na addinin Buda, kuma tun a 1462 aka rubuta labarin gwanintar Ikenobo Senkei na birnin Kiyoto. Daga baya ta zama fasaha mai cin gashin kanta, musamman bayan da Sofu Teshigahara ya kafa makarantar Sogetsu a 1927, bisa ra'ayin cewa kowa na iya yin ta, a ko'ina, da duk abin da ya samu.

To, ina amfanin yake? Mai aikin zai ɗauki reshe ɗaya ya jujjuya shi, ya duba inda ya karkata, ya rage masa ganye, sannan ya kafa shi a kan wani ɗan faifan ƙarfe mai allurai da suke kira kenzan. Abin da almakashi ya yanke ba ya komawa, don haka tilas ido da hannu da zuciya su taru a wuri ɗaya. Wannan natsuwar ita ce dattijo ya fi buƙata, domin shi ne tunanin jiya da fargabar gobe suka fi addaba. Aikin ba ya neman ƙarfi, haƙuri yake nema, kuma gwaninta a cikinsa ƙaruwa take yi da shekaru.

Akwai kuma batun kaɗaici. A 2023, kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko fiye, kuma da yawansu su kaɗai suke zaune. Lamarin ya kai gwamnati ta naɗa ministan kula da matsalar kaɗaici a 2021. Ga tsohuwar da ta rasa miji, 'ya'ya kuma suka yi nisa, zuwa ajin ikebana dalili ne na yin kwalliya, da fita, da gaisawa da tsara.

Sai dai a yi hattara. Jera fure ba maganin cutar mantuwa ba ne, bai kuma ɗauke wa iyali nauyin kula da iyaye ba. Haka nan kuɗin darasi da na furanni na iya fin ƙarfin mai ƙaramin fansho.

Duk da haka, mutanen Japan sun gane wani abu: bayan abinci da magani, tsoho na buƙatar aikin da zai sa hankalinsa a kai, a kuma yaba masa. Al'ummar da ta ajiye tsofaffinta a lungu da sunan hutu, ta gaggauta musu tsufa ne kawai. Allah Ya sa mu dace.