Baƙon da ya zo sayayya Fagge: Kada ka kwance bakin jakarka a ranar da ka sauka

Kwanakin baya wata ƙanwar mahaifiyata ta taso daga Maraɗi da asuba, da takardar kayan lefen ɗanta ƙulle a bakin mayafi, da niyyar ta gama komai a Kantin Kwari ta juya gida a ranar. Tana sauka daga Adaidaita Sahu a bakin kasuwa wani matashi mai fara'a ya tare ta: "Hajiya sannu da hanya, me ake nema?" Ya karɓi takardar ya shige gaba, ta bi shi. Kafin la'asar sakaliya an ɗaure mata kaya, ta yi masa ihsani har da sa albarka. Yamma ce ta yi mata, dole ta kwana a gidana.

Da aka kwance kayan ana kallo, maiɗakina ta ɗaga wani turmi ta juya bakinsa, ta ce, "Inna, nawa suka ba ki wannan?" Da ta ji kuɗin sai ta yi shiru. Abin da aka ɗora wa Inna a kan atamfofin kaɗai ya isa ya ƙara mata turmi uku, kuma biyu daga cikin waɗanda aka sayar mata da sunan Holan ba su taɓa ganin ƙasar Holan ba. Babu rasidi, ba ta san sunan layin ba balle lambar shago. Abin da ta iya tunawa kawai shi ne "wani gida mai bene, an hau matakala." A Kwari kuwa wannan kwatancen daidai yake da a ce maka ka nemo wani mutum mai hula a filin Idi.

Tun daga ranar, duk wanda ya kira ni ya ce zai shigo Kano sayayya mai nauyi, ko lefe ne, ko kayan sallah, ko sarin farko na mai son fara kasuwanci, shawara ɗaya nake fara ba shi: ya zo da shirin kwana. Ranar farko ta kallo ce da tambaya, ta biyu ce ta ciniki. Wanda ya shigo da gaggawar komawa tasha, tun daga tafiyarsa ake gane shi, kuma farashinsa daban ne.

Abin takaicin shi ne Fagge don baƙo aka yi ta. Masana tarihi na cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nan ne zangon fataken da ke zuwa daga arewa, musamman Buzaye da raƙumansu, a wajen ganuwar birni. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, Kwarori 'yan Labanon da Siriya kuma suka kafa gidaje da kantunansu a inda Kantin Kwari take yau. Har filin jirgin saman Malam Aminu Kano a cikin ƙaramar hukumar Fagge yake. A da, fatake suna da fatoma, mai masaukin da ke ajiye musu kaya, ya haɗa su da mai saye, ya tsaya musu idan an samu matsala, domin ya san baɗi za su dawo. Baƙon yau ba shi da fatoma. Wanda ya riga tare shi a bakin titi shi ne jagoransa.

To, me mutum zai yi da ranar farkon? Ya fara sanin wace kasuwa ce ta me, domin ba ɗaya ba ce, kodayake duk mintoci kaɗan ne tsakaninsu a Adaidaita Sahu idan hanya ta yi kyau. Kwari ta tufafi ce: atamfa, shadda, leshi, yadi, mayafai. Singa ta kayan masarufi ce a sari, su sukari, madara, taliya, sabulu. Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ita ce ta tarkace: akwatuna, takalma, jakunkuna, kayan shafe-shafe, kwanuka da kayan lantarki. Robobi da gwanjo sai Ƙofar Wambai, waya da kwamfuta kuma titin Beirut. Canjin kuɗi a Wapa. Mai haɗa lefe dai ba makawa sai ya taka Kwari da Sabon Gari, don haka kada ya bari a ce masa "ai komai za a kawo maka nan," domin duk abin da aka aiki yaro ya ɗauko daga wata kasuwa, da kuɗin ƙafarsa a ciki.

A cikin Kwari, ka shiga da ƙafarka, hannu rabbana. Ka zaɓi kaya uku ko huɗu daga cikin takardarka, ka tambayi kuɗinsu a shago biyar ko shida a layuka daban-daban, na bakin titi da na can ciki, na ƙasa da na saman bene. Ka tambayi kuɗin turmi ɗaya, sannan ka tambayi na sari. Ka rubuta a wayarka tare da sunan gidan da lambar shagon, ko ka karɓi katin mai shagon. Ba wanda zai ji haushi. Ɗan kasuwar kirki ya san mai tambaya yau shi ne mai saye gobe. Kafin ka fito za ka ga da kanka inda farashin gaskiya ya tsaya, ka kuma gane wanda ya yi maka kuɗin baƙo.

Batun matasan nan da ke tare mutane, waɗanda ake kira 'yan ka-yi-na-yi, ba na cikin masu cewa dukkansu macuta ne. Da yawansu ba su da jari sai sanin kasuwa, kuma wannan sanin yana da daraja. Akwai attajiran Kwari da a haka suka fara. Matsalar ita ce ladan da ba a faɗa ba. Idan ya kai ka shago, mai shagon ya san da rabonsa a cikin kuɗin da za a faɗa maka, kai ne kaɗai ba ka sani ba, sannan ka ƙara masa da tukuici. Idan kana buƙatar jagora, ku yi magana tun a waje: ga abin da zan ba ka, amma ni zan yi cinikina da bakina. Wanda ya yarda, ka riƙe shi. Wanda ya fara kame-kame, ka yi masa godiya ka wuce.

Shi kansa cinikin ba faɗa ba ne. An faɗi kuɗi, ka taya, a ce albarka, ka ƙara kaɗan, a rage kaɗan, har a sallama. Abin da ba shi da kyau shi ne a sallama maka a kan tayinka sannan ka ce ka fasa, don haka a ranar kallo ka tsaya a tambaya, ban da tayi. A shagunan sari kuma kada ka sa ran ragi mai yawa, ribarsu a kan turmi ƙarama ce, a yawa suke ci.

Sai ingancin kaya, inda aka fi kwasar baƙi. Tun da masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka durƙushe, mafi yawan abin da ke Kwari daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma a cikinsa akwai mai kyau ƙwarai, akwai na banza. Ba laifi ba ne mutum ya sayi ɗan Sin yana sane, a kuɗin ɗan Sin. Cutar ita ce a sayar maka da shi a matsayin Holan ko shaddar Getzner ta Ostiriya. Ka tambaya kai tsaye, "Alhaji, tsakani da Allah wannan na ina ne?" Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su faɗa maka gaskiya idan ka yi tambayar a haka. Ka sa a warware turmin, ka duba rubutun bakinsa da bayansa, ka tabbatar yadi shida ne cif. Idan kuma aka ba ka babbar shadda a rabin kuɗin da ka ji a sauran shaguna, ka tuna araha ba ta ado.

Kuɗi kuwa, mutanenmu na Nijar da Chadi da Kamaru su yi canjinsu a cikin shago a Wapa, bayan sun ji farashi a wuri biyu ko uku, ba a tsaye a gefen titi ba. Mai tura kuɗi ta waya ya karanta sunan da ya fito a asusun da babbar murya mai shagon ya amsa, ya kuma haƙura ya jira kuɗin su shiga, domin su ma 'yan kasuwar sun sha wuya a hannun masu saƙon bogi. Waya a aljihun gaba, musamman a cunkoson Bata da 'Yan Kura, kuma in magariba ta kawo jiki a bar yawo da ita a hannu.

A kula da rana ma. Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli, ba a zirga-zirga da safe sai wajen ƙarfe goma. Juma'a ana rufe shaguna a tafi masallaci, Lahadi kuma shaguna da yawa a Sabon Gari ba sa buɗewa. Goman ƙarshe na azumi ba lokacin baƙo ba ne sam, ko ɗan gari da ƙyar yake ratsawa. Da damina, in hadari ya haɗo, ka fita daga lungunan Kwari da wuri. Waɗanda suka ga ambaliyar Agustan 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa diloli, sun san dalili.

Idan ka gama zagayen safe, sauran yinin naka ne, kuma nan ne nake ganin baƙi suna cutar kansu. Akwai wanda ya shekara goma yana zuwa sari Kano bai taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ba, alhali daga Kwari tafiya ce kaɗan. Ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma har yau da baba da toka ake rini a cikin rijiyoyin, ga masu bugu a gefe suna fito da ƙyallin yadi da ƙarfin damtse. Daga nan ka shiga Kurmi, kasuwar da ta girmi duk waɗannan, ka ga aikin dukawa da maƙeran farfaru da kayan doki da turaruka. Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, yana dab da gidan Sarki. In da sauran ƙarfi a gwiwa, ka hau Dala da yamma ka ga birnin duka a ƙarƙashinka. Tsarabar da za ka samu a Kurmi da Ƙofar Mata ita ce ba za a ce an ga irinta a kasuwar garinku ba. A hanya kuma ka nemi gurasa da tsire, kada ka koma gida ka ce shinkafa da miya ka ci a Kano.

Na san za a ce kwana kuɗi ne, ga masauki ga abinci. Gaskiya ne, kuma ɗan kasuwar da ke da maigida a Kwari, wanda yake zuwa duk wata, ba da shi nake ba. Amma wanda zai kashe tarin shekara guda a yini ɗaya, kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai abin da za a ɗora masa a kan turmi goma ba. Kuma Bahaushe nawa ne ba shi da ɗan'uwa ko ɗan garinsu a Kano?

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa baƙo dukkan nauyin. 'Yan Kwarin da suka taɓa zuwa saro kaya Bankok, babban birnin Tailan, kafin hankali ya koma Dubai da Guangzhou, sun san yadda ake yi a can. Kasuwar Chatuchak, mai ci Asabar da Lahadi, tana da dubban rumfuna, amma an kasa ta sashe-sashe, kowane sashe da lambarsa, ga taswira, ta yadda wanda bai iya ko gaisuwa da harshensu ba zai iya komawa rumfar da ya gani da safe. Su ma suna da 'yan damfararsu. An san direbobin keke mai ƙafa uku da ke ce wa baƙo fadar sarki a rufe take yau don su kai shi shagon da ake ba su kamasho. Bambancin shi ne an yi wa baƙo hanyar da zai bi ba tare da su ba. A 2019 baƙi kusan miliyan 40 suka shiga ƙasar.

Me zai ci wa hukumomin kasuwar Kwari da ta Sabon Gari da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su kafa allon sunan kowane layi da kowane gida, su sa wa shaguna lamba mai fita, su liƙa taswira a mashigai? Su yi wa masu jagora rajista da katin shaida, su buɗe teburin karɓar ƙorafi da baƙo zai gani ba sai ya yi cigiya ba, su kuma samar da banɗakin da mace za ta iya shiga. Hanyoyin da tebura suka cinye kuwa ba batun jin daɗin baƙo kaɗai ba ne. Gobarar Maris ɗin 2016 ta laƙume dubban shaguna a Sabon Gari, Singa ma ta sha nata ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da aka yi, kukan ɗaya ne: motar kashe gobara ta rasa ta inda za ta shiga.

'Yan kasuwarmu sun ɗanɗana rashin baƙo lokacin da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, suka sake ɗanɗanawa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A lokacin ne aka ga yawan shagunan da cinikinsu ya dogara da mutanen Maraɗi da Damagaram da Agadas. Yanzu kuma ga wani abokin hamayya: mace tana ɗakinta a Katsina ko Tawa za ta zaɓi atamfa a WhatsApp a aiko mata a mota. Idan zuwa da kai ya zama wahala da fargabar cuta, mutane za su daina zuwa, kuma mai dako da mai abinci da ɗan Adaidaita Sahu da mai masauki ne za su fara ji a jikinsu.

A rana ta biyu, bayan ka gama ciniki, ka karɓi rasidi mai sunan shago da lambar waya, ka ƙirga kayanka a gabanka kafin a ɗaure, ka rubuta sunanka a jikin buhun. Ku yanke kuɗin dako kafin a ɗora kaya a baro, kuma ka bi bayansa ƙafa da ƙafa har mota. Inna dai ta ce bikin ƙanwar angon yana tafe bayan babbar sallah, kuma ta riga ta aiko a gyara mata ɗaki na kwana biyu.