Shin Ɗaga Ƙarfe Aikin Maza ne Kaɗai?

Idan budurwa ta shiga gidan motsa jiki ta nufi kusurwar da aka jera ƙarafa, da wuya ta taɓa ko ɗaya ba a tare ta da nasiha ba. Wani ya ce za ta yi ƙwanji ta koma kamar namiji, ta rasa mijin aure. Wata ta raɗa mata cewa mahaifarta za ta zazzago. Abin mamaki, wannan yarinyar ce dai ake aika ta ɗauko jarkar ruwa mai lita 25, watau nauyin kilo 25 ke nan, kuma ba mai cewa uffan. A ganina ba nauyin ne ke damun mutane ba, ganin mace na ɗaga shi don amfanin jikinta ne ba su saba da shi ba.

Bari mu soma da batun ƙwanji. Girman tsoka ya danganta ƙwarai da wani sinadari da jiki ke samarwa, mai suna testosteron. A jinin namiji baligi yawansa yakan ninka na mace sau goma ko fiye. Saboda haka macen da ke ɗaga ƙarfe sau biyu ko uku a mako za ta ƙara ƙarfi sosai, amma ba za ta wayi gari da damatsa irin na ɗan dambe ba. Irin jikin nan da ake gani a hotunan gasa sai an shekara da shekaru ana horo mai tsanani da abinci na musamman, wasu ma har da magunguna masu haɗari.

Tsoron lalacewar jikin mace kuwa tsohon zance ne. Bayan gasar Olamfik ta 1928 an cire tseren mita 800 na mata, wai ya fi ƙarfinsu, ba a maido shi ba sai 1960. Ɗaga nauyi na mata bai shiga Olamfik ba sai a Sidni a 2000, kuma a wannan karon farko 'yar Nijeriya Ruth Ogbeifo ta ciyo lambar azurfa. Gaskiya ne zazzagowar mahaifa cuta ce da ke faruwa, kuma yawan haihuwa da daɗewa ana dakon kaya masu nauyi ba hutu suna cikin abubuwan da ke jawo ta. Amma wannan daban yake da horon da ake farawa da ƙaramin nauyi, a ƙara sannu a hankali, a kuma huta tsakani. Mai ciki ko mai jego ta fara neman shawarar likita.

Inda hasarar ta fi girma shi ne ƙashi. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe wani sashe nasa ana sake ginawa. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara ƙwari gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Mutum yakan gama tara ƙwarin ƙashinsa wajen shekara 30. Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istrojin ya ragu, sai ƙashin ya shiga zaizayewa da sauri, har faɗuwa 'yar kaɗan ta karya ƙugu. An ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya. Ke nan ɗalibar da aka hana horo tana 'yar 16, an rage mata ajiyar da za ta dogara da ita tana 'yar 60.

Kakanninmu ba su san wannan matsala kamar yadda za mu san ta ba, domin daka da niƙa da jan guga horo ne. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kambirij sun auna ƙasusuwan matan da suka yi noma a tsakiyar Turai dubban shekaru da suka wuce, suka tarar ƙashin hannunsu ya fi na 'yan wasan tuƙin kwalekwale mata na jami'ar ƙwari. Sun alaƙanta hakan da aikin gona da niƙa a kan dutse. Yau injin niƙa ya karɓi aikin a birane, madalla, amma me ya maye gurbinsa a jikin 'yan mata?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta shawarci kowane baligi, mace ko namiji, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, yara da matasa kuwa kwana uku. Malaman makarantun sakandare suna da abin yi a nan. Iyayen da ke ƙyamar cuɗanya da maza suna da hujjarsu, kuma maganinta mai sauƙi ne: a ware wa 'yan mata lokacinsu da wurinsu, malama ta jagorance su, su sa suturar da ta kwanta musu a rai. Ba sai an sayi ƙarafa ba. Tsugunno da miƙewa, da tura jiki daga bango, da gora biyu cike da yashi sun isa zangon farko.