KAFIN KA SAYI FIRAM ƊIN KABON

 

A makon jiya na sami takarda daga wani saurayi ma'aikaci da ke zaune a Jos. Ya ce shekara biyu ke nan shi da abokansa suna hawan keke a bayan gari, suna bin hanyoyin ƙafa da suka ratsa duwatsun Shere. Yanzu ya tara 'yan kuɗinsa, yana so ya yi odar firam ɗin da a ke yi da zaren kabon, ya ɗaura masa tayoyi da giya da birkin da ya ke da su. To, abokan nasa sun rabu biyu. Waɗansu sun ce ya saya ido rufe, don kuwa keken zai koma kamar gashin tsuntsu. Waɗansu kuma sun ce roba ce kawai aka shafa wa fenti, ranar da ya faɗi a kan dutse ranar za ta tarwatse. Shi ne ya nemi in raba gardama. Na ga ya kamata in amsa masa a nan, domin abin ya shafi aljihunsa, ya kuma shafi wuyansa, ba kuwa shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Shi dai keken hawan dutse ba tsohon abu ba ne. A cikin shekarun 1970 ne waɗansu samari a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya, a Amurka, suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu kaurin taya, suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais a guje. Da kekunan suka yi ta lalacewa, sai ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera firam musamman don wannan aiki a 1977. A 1981 kamfanin Specialized ya baza nasa a kasuwa, a 1996 kuma aka shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta. Kekunan farko duk na ƙarfe ne, daga baya alminiyam ya karɓe kasuwa, sa'an nan kabon ya shigo.

Zaren kabon kuwa ba don keke aka ƙirƙiro shi ba. Wani masani mai suna Roger Bacon ne ya gano ƙarfinsa a Amurka a 1958, masu binciken jiragen sama a Farnborough ta Ingila suka kyautata hanyar yinsa a 1963, kamfanin Toray na Japan kuma ya fara sayar da shi a 1971. Wani zaren roba a ke ɗauka, dangin wanda a ke saƙa rigunan sanyi da shi, a gasa shi mataki-mataki, daga ƙarshe a cikin tanderun da aka kore iskar da wuta ke ci da ita, da zafin da ya wuce digiri 1,000, har ya zama kusan ba abin da ya rage sai kabon, watau ainihin sinadarin gawayi. Kaurin sili guda kimanin kashi ɗaya ne cikin goma na gashin kan mutum. Masu tsere suka fara yarda da shi sosai bayan da Greg LeMond ya ci babban tseren kewaya Faransa a 1986 a kan keke mai bututun kabon.

Yadda a ke yin firam ɗin shi ne mabuɗin dukan maganar. Ana jera zaren ya zama shimfiɗa kamar ƙyalle, a jiƙa shi da wani gam mai ƙarfi, a yayyanka shi gunduwa-gunduwa har ɗaruruwa. Ma'aikata su bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, suna shimfiɗawa a cikin ma'ajin zubi, wannan a miƙe, wancan a karkace. Sa'an nan a hura iska daga ciki don shimfiɗun su manne, a gasa har gam ya daskare. Ƙarfin zaren a tsawonsa ya ke. Ka dubi gora ko karan dawa: ja shi ta tsawo, ba ka tsinka shi, amma taka shi da dunduniya sai ya tsage. Haka kabon ya ke. Yana ɗaukar nauyin mahayi da jijjigar hanya shekara da shekaru ba gajiya, ba ya kuma tsatsa. Abin da ba ya so shi ne sara daga gefe da matsi a wuri guda.

Duk wanda ya tashi da Rali ya san halin ƙarfe. In ya faɗi ya lanƙwashe, mai gyara zai miƙe shi. In ya tsage, mai walda na bakin titi zai ɗinke shi kafin ka gama shan shayi. Ƙarfe ya kan kuma yi gargaɗi kafin ya karye. Shi kabon ba ya lanƙwashewa. In tsinin dutse ya sare shi, shimfiɗun ciki na iya rabuwa alhali fentin waje na nan sumul, sai wata rana a tsakiyar gangara wurin ya ɓalle gaba ɗaya. Ana gyara shi, har ya koma da ƙarfinsa, amma aikin gwani ne wanda zai kankare wurin ya shimfiɗa sabon zare ya gasa. Walda ba ta kama shi, gam ɗin kanti kuma yaudarar kai ne. Don a yi adalci, shi ma alminiyam in ya tsage ba kowane mai walda ke iya masa ba.

Ribar fa? Firam ɗin kabon marar sifirin a baya ya kan yi kilo ɗaya ko ɗan fiye, takwaransa na alminiyam kuwa kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Watau bambancin bai wuce nauyin gorar ruwan sha da ke maƙale a jikin keken ba. Ga mai tseren da daƙiƙa biyar ke raba shi da lambar yabo, wannan babban abu ne. Ga mai hawa don motsa jini ranar Asabar, sai ya auna ko ya cancanci kuɗin, domin firam ɗin manyan kamfanoni, shi kaɗai ba taya ba birki, ya kan fi sabon babur tsada.

In mutum ya ji duk wannan ya ce shi dai kabon ya ke so, to ga abubuwan da zai duba.

Na farko, irin hawan da ya ke yi. Kekunan dutse iri-iri ne, ana kuwa gane su da zurfin lotsawar sifirinsu. Na tseren dogon zango milimita 100 zuwa 120 ne, na hawa da sauka na yau da kullum 130 zuwa 150, na gangara mai tsanani 160 zuwa 200. Kowanne da kaurin shimfiɗun da aka yi masa. Kamfanoni da yawa su kan rubuta rukunin keken bisa ma'aunin Amurka na ASTM: rukuni na 3 an yi shi don hanya mai gargada da tsallen da bai kai santimita 61 ba, na 4 don tsallen da bai kai santimita 122 ba, na 5 kuma na 'yan ganganci ne. Su kan kuma faɗi iyakar nauyin da zai ɗauka. Wanda ya sayi mafi sauƙin nauyi ya je yana dirowa da shi daga kan fa, kada ya ga laifin kowa. Sa'an nan a tuna, firam mai sifirin a baya yana da gaɓoɓi masu boris da ke son canji, da sifirin da ke son gwanin da zai buɗe shi lokaci-lokaci, ƙurar hunturu kuwa ba ta raga musu. Wanda ba shi da mai yi masa wannan hidima, marar sifirin a baya ya fi masa kwanciyar rai.

Na biyu, awo. Firam ɗin da bai yi daidai da jikinka ba, ko da na zinariya ne, wahala ka saya, ba kuwa a yanke shi ko a ƙara masa tsawo. Kada ka dogara da harafin S ko M ko L, domin matsakaicin wannan kamfani na iya zama babban wancan. Ka nemi jadawalin awon, ka duba tazarar da ke tsakanin saitin gindin feda da saman wuyan keke. A matsakaitan kekunan yanzu ta kan faɗa tsakanin milimita 430 da 470. Ka gwada ta da ta keken da ka ke jin daɗinsa. Ka duba kuma kwanciyar wuyan: digiri 67 zuwa 69 na sa keke saurin juyawa da sauƙin hawa tudu, 64 zuwa 66 kuma na ba shi natsuwa a gangara. In da hali, ka ari irinsa ka hau tukuna. Gani ya kori ji.

Na uku, dacewa da kayan da ka ke da su, a nan ne kuwa na fi jiye wa mai takardarmu. Wilin inci 29 ba ya shiga firam ɗin da aka yi don inci 27.5 ko 26. Faɗin gindin wilin baya akwai milimita 135, akwai 142, akwai 148, sabbin firam kuwa yawanci 148 ne. Mazaunin boris ɗin feda akwai na ɗauri, mai zare kamar noti, akwai na dannawa. Na ɗauri ya fi sauƙin canji, na dannawa kuwa yana son kayan aiki na musamman, kuma in ramin bai daidaita ba ya riƙa ƙara ke nan. Wuyan sabbin firam ya fi faɗi daga ƙasa, saboda haka sai an tabbatar fok ɗinka zai zauna. In ba a yi wannan lissafi ba, mutum zai wayi gari ya ga sayen firam ya ja masa sayen sabon keke gunduwa-gunduwa. Akwai kuma ɗan ƙarfen da giyar baya ke rataye a jikinsa, wanda da gangan aka yi shi ya karye maimakon firam. Ka sayi biyu ka ajiye. In firam ɗin na amfani da irin bai-ɗaya da kamfanin SRAM ya fito da shi a 2019, samunsa ya fi sauƙi.

Na huɗu, asali. Za ka ga 'yan talla suna ta ƙawa da T700 da T800 da T1000. Waɗannan sunayen ire-iren zaren Toray ne, ba su gaya maka ko an shimfiɗa shi daidai, ko an bar ƙofar iska da tattarewa a ciki. Shinkafa mai kyau ba ita ke sa tuwo daɗi ba in mai tuƙi ba ta iya ba. Yawancin firam ɗin kabon na duniya, har da na manyan sunaye, a Taiwan da Sin da Biyetnam a ke yin su, saboda haka sunan ƙasa ba aibu ba ne. Abin tambaya shi ne: wa ya yi shi, ya gwada shi bisa ma'aunin ISO 4210, yana da lamba a jikinsa, wa kuma za ka kama in ya tsage? Garanti sau da yawa na mai sayen farko ne kaɗai, wanda ya saya wajen dillalin da kamfani ya sani, a tambayi kuma wanda zai biya kuɗin mayar da shi. Akwai na jabu a intanet, an rubuta musu sanannen suna, ana sayarwa a kuɗin da hankali ba zai ɗauka ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na biyar, gwanjo. Kabon na hannu shi ne ya fi komai hatsari, don ba ka san faɗuwar da ya sha ba. Ka wanke shi tas, ka fito da shi rana. Ka bi ƙarƙashin babban bututu inda duwatsu ke bugu, da sandar baya ta gefen sarƙa, da kewayen maɗaurin sirdi, da wuya. Ka shafa ƙyalle mai laushi, in ya maƙale akwai zaren da ya tashi. Ka ƙwanƙwasa da kwabo a hankali: lafiyayyen wuri na amsawa rau, wanda ya rabu a ciki kuwa sai ka ji dum. Ka danna da yatsa ko akwai inda ke lotsawa. Sabon fenti ko sitika a wuri guda abin tuhuma ne. Duk da haka, wannan bincike ba kowane ɓoyayyen ciwo ya ke tonawa ba, sai a sa wannan cikin ciniki.

Na shida, riƙo. A gefen kusoshin a kan rubuta iyakar ɗauri, misali 5 Nm, ba kuwa a sanin an kai ta sai da sifana mai awo. Al'adarmu ta a ɗaure har sai noti ya yi kuka ita ce ajalin kabon. Kada a matse bututunsa a maƙalar aiki. Kada a ɗora shi bisa motar haya a jibga masa buhuna a ja igiya. Kada a rataye shi bayan mota daidai bakin salansa, domin zafi na lalata gam ɗin. A liƙa roba mai kauri a ƙarƙashin babban bututu, a kuma duba shi bayan kowace faɗuwa.

To, ɗan'uwana na Jos, abokanka kowane ɓangare ya faɗi rabin gaskiya. In tsere ka sa gaba, ka san dillali mai amana, ka shirya sayen sifana mai awo, kuma asarar firam ɗin ba za ta taɓa abincin gidanka ba, bismilla, saya, za ka ji daɗinsa. In kuwa duk abin da ka tara ne za ka zuba a ciki, shawarata ita ce ka nemi firam ɗin alminiyam mai kyau wanda ya yi daidai da jikinka, ragowar kuɗin ka sa a tayoyi masu kama ƙasa, da birki mai ci, da hular kwano ta ƙwarai. Duwatsun Shere ba su san tsadar keke ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah Ya kiyaye mana hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.