Matamai: abin da ke kashe dashen itatuwa daga ƙarƙashin ƙasa

Kowace ranar 3 ga watan Agusta ana dasa dubban itatuwa a Nijar, ciki har da Matamai da ƙauyukanta a jahar Damagaram. Kafin damina ta zagayo, da yawa daga cikinsu sun bushe. Akan ɗora laifin kan awaki da ƙarancin ruwa, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai wani dalili da ido ba ya gani: tsamin ƙasa.

Alminiyam, ƙarfen nan da ake tukwane da shi, yana cikin kusan kowace ƙasar noma ba tare da ya yi ɓarna ba. Idan ƙasa ta yi tsami, ma'auninta na pH ya sauka ƙasa da 5,5, sai ya fara narkewa ya zama guba. Kan saiwa yake fara kamawa. Saiwar takan daina tsawo, ta yi kauri, ta kasa jan ruwa da abinci, musamman fosfor. Ɗan itacen da saiwarsa ba ta nutsa ba, da wuya ya ga ƙarshen bazara.

A shekarun 1980, masu bincike a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, sun gano cewa a jigawa guda, inda hatsi ke tsumburewa nan ne tsami da narkakken alminiyam suka fi yawa. Daga baya sun lura cewa dashen gawo ya fi saurin girma inda ƙasa ke da ƙarfi tun asali, kamar kusa da tsohon suri.

Gonakin Matamai ma jigawa ce, kuma jama'a ta yi yawa har an daina hutar da gona. Ana kwashe kara domin dabbobi da girki, wasu kuma na zuba takin ure shi kaɗai shekara da shekaru. Duk waɗannan na ƙara wa ƙasa tsami.

Amma yankin na da darasi a hannunsa. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Matamai, Magarya da Mirya suka cika gonakinsu da gawo ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon da ya fito da kansa a rene shi. Kututturen da ya toho ya riga ya kafa saiwa mai zurfi, ba kamar ɗan leda ba, wanda sai ya ratsa ƙasar sama tukuna.

Don haka, kafin a raba dashe a manyan filaye, ya kamata a kai samfurin ƙasa ɗakin awo na INRAN. Shi kuma mai ramin itace guda a ƙofar gida, ya cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin dabbobi da ƴar toka kafin ya dasa. Ƙidayar da ta dace a yi ita ce ta watan Mayu: nawa suka rayu?