Wasiƙa a buɗe zuwa ga wanzaman Arewa kan goge jarfa da tsaga

Zanen jiki iri biyu ne a ƙasar Arewa, kuma wanzamin da aka zo wa da buƙatar gogewa, a Dogon Dutsi ne ko Tibiri ko Matankari, ya fara rarrabe su. Tsaga, irin ta Arawa da ke tashi daga gefen baki ta nufi kunne, yanka ce da ta warke ta bar tabo. Jarfa kuwa baƙi ne, kunkunniya ko gawayi, da aka cusa ƙarƙashin fata.

Na'urar leza jarfa take ci. Tana harba haske mai ƙarfi cikin ƙasa da ƙiftawar ido, baƙin ya sha hasken ya farfashe, jiki ya riƙa kwashe ɓurɓushin a hankali. Shi ya sa ba a gamawa a zama ɗaya: ana barin mako 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama. Jarfar kunkunniya ta fi ta inji saurin gushewa, tawada mai launin kore ko rawaya kuwa taurin kai gare ta. Baƙar fata na da nata haɗari, don launinta ma yana shan hasken, wurin ya yi fari-fari ko ya ƙara duhu. Likitocin fata sun fi zaɓen na'urar Nd:YAG mai tsawon zango nanomita 1064 saboda ba ta cika taɓa launin fata ba. Tsaga dai ba ta goguwa. Iyakar abin da likita zai iya shi ne ya rage zurfinta.

Abin takaici shi ne ƙoƙarin gogewa a gida. Kankarewa da aska, gurzawa da gishiri, ɗiga ruwan batir ko ɗora ƙarfe mai zafi duk tabo suke bari, sau da yawa baƙin na nan ƙarƙashin tabon. Mai jikin da tabo ke kumbura ya yi tudu, nasa ya fi muni, don tudun kan zarce girman jarfar.

Wanzami ya tambayi mai buƙatar gogewa yadda tsofaffin raunukansa suka warke, ya duba bayan kaciya ko sakiya ko ƙaho, ya gaya masa gaskiyar abin da zai gogu da wanda ba zai gogu ba. Sannan ya tura shi asibitin Dogon Dutsi, a haɗa shi da likitan fata a Yamai. Wanda aka yi wa leza kuma ya kare wurin daga rana, kada ya ɓare ɓawon har ya faɗi da kansa.