Yaro Mai Lalurar Down: Jinkirinmu Ya Fi Lalurar Cutar da Shi

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, idan aka haifi jariri mai laushin jiki, wanda wuyansa ya ƙi tsayawa, harshensa na yawan leƙowa waje, idanunsa suka ɗan karkata sama, abin da ke biyo bayan suna shi ne raɗa. Wata ta ce ɗan ruwa ne, wata ta ce aljanu ne suka musanya shi, wata ta ce uwar ce ta yi ta yawon magariba da ciki, wata kuma ta nuna ɗakin kishiya da baki. Daga nan sai a shiga neman taimako, yau hayaƙi, gobe turare, jibi a nufi wani ƙauye da aka ce akwai mai magani. Kafin a tuna da asibiti yaro ya shekara biyu ko uku. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne cewa mafi yawan wahalar da yara masu lalurar Down ke sha a wurinmu, jinkirinmu ne ya jawo ta. Watannin farko da shekarun farko su ne suka fi tsada a rayuwar irin wannan yaro, kuma su ne muke ɓatarwa wajen neman wanda za a ɗora wa laifi.

Lalurar ba sabuwa ba ce, kuma an san musabbabinta. Wani likitan Ingila mai suna John Langdon Down ne ya yi bayanin siffofinta a 1866, shi ya sa take ɗauke da sunansa. A 1959 masu bincike a birnin Paris na Faransa, Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin, suka gano tushenta. A cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam akwai ƙunshin bayanan halitta da ake kira kuromosom guda 46, a jere bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Mai lalurar Down yana da 47, domin na 21 ya zo masa uku a maimakon biyu. Wannan ƙarin yana faruwa tun lokacin da ciki ya shiga, kafin mace ta san tana da juna biyu. Saboda haka babu abincin da ta ci, ko rafin da ta tsallaka, ko wankan da ta yi da dare da zai iya jawo shi. Ba a ɗaukar lalurar ta hanyar cuɗanya, kuma a mafi yawan lokuta ba gadonta ake yi ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a duniya ana samun jariri ɗaya mai wannan lalura a cikin kowane 1,000 zuwa 1,100 da aka haifa. Wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Ibadan, aka wallafa a 1982, ya samu ɗaya cikin 865. A ƙasar da ake haihuwar miliyoyin jarirai kowace shekara, wannan na nufin dubban gidaje. Gaskiya ne yiwuwar samun lalurar na ƙaruwa da shekarun uwa: wajen ɗaya cikin 350 ga mai shekara 35, wajen ɗaya cikin 100 ga mai shekara 40. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin matanmu da yawa suna haihuwa har su haura arba'in, kuma ya kamata a riƙa faɗa musu haka a wajen awo. Amma amaryar da ke haihuwar fari ma tana iya haifar irin wannan yaro, haka matar sarki, haka matar likita. Wanda ya saki mace ko ya ƙaurace wa ɗakinta saboda ta haifi yaro mai lalurar Down ya zalunce ta a kan abin da ba ta da hannu a cikinsa.

Babbar hujjar da ke nuna cewa kulawa ce ke raba makomar yaran nan ita ce tsawon rayuwarsu. A Amurka, a 1983, matsakaicin shekarun da mai lalurar Down ke yi a duniya bai wuce 25 ba. A yau ya kai wajen 60. Kuromosom ɗin nan na 21 bai canza ba, har gobe babu maganin da ke cire shi. Abin da ya canza shi ne an fara yi wa jarirai tiyatar zuciya a kan lokaci, ana magance ciwon huhu da wuri, an daina kulle su a gidajen ajiye masu naƙasa, an bar su suna tashi a cikin danginsu suna zuwa makaranta. Ƙarin shekara 35 cikin abin da bai kai tsawon rayuwar mutum guda ba, duk daga sauya yadda ake kula da su. Duk wanda ya ce irin waɗannan yara ba sa daɗewa, yana ba da labarin abin da sakaci ke haifarwa ne.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a duba tun yaro yana zanin goyo. Na farko zuciya, domin kusan rabin jariran nan ana haifarsu da matsala a cikinta, sau da yawa huda a bangon da ya raba sassanta. Alamun suna gaban uwa kullum: jariri ya riƙa haki da gumi yana shan nono, ya gaji kafin ya ƙoshi, ya ƙi yin ƙiba, wani lokaci leɓɓansa su yi duhu. Wasu hudojin ƙanana ne, suna iya rufewa da kansu, amma manyan ana so a gyara su a cikin watannin farko, domin idan aka daɗe jijiyoyin huhu kan lalace har tiyata ta daina amfani. Na biyu ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro, wadda idan ta yi rauni yaro kan yi sanyi, ya yi ta barci, girmansa da fahimtarsa su ja baya. Gwajin jini ke gano ta, ƙwaya ɗaya a rana ke riƙe ta. Na uku ji, domin fiye da rabinsu suna samun matsalar kunne, galibi ruwa ne ke taruwa a ciki. Na huɗu gani. Yaron da ba ya ji sosai ba zai yi magana da wuri ba, wanda ba ya gani sosai ba zai koyi karatu ba, sai a ce ƙwaƙwalwa ce, alhali tabarau ko maganin kunne yake buƙata.

Sauran aikin a tsakar gida yake, kuma ba ya cin ko sisi. Jaririn da jikinsa ke da laushi yakan yi barci da nono a baki, don haka uwa za ta tallafe masa haɓa da yatsunta, ta ɗan ɗaga shi zaune, ta shafa tafin ƙafarsa ya farka, ta ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Tsotson nan da kansa yana ƙarfafa baki da harshen da zai yi magana da su gobe. Idan yana farke a kwantar da shi rub-da-ciki a kan tabarma, wata yayarsa ta zauna a gabansa tana kaɗa masa cokali a kwano, ya yi ta ƙoƙarin ɗaga kai ya gani. Haka wuya ke tsayawa, haka baya ke ƙarfi. Yaran nan sun fi koyo da ido a kan kunne, kuma fahimtarsu takan riga bakinsu, shi ya sa yana da kyau a haɗa kalma da alama: a ce "ruwa" ana nuna kofi, a ce "zo" ana yafito shi da hannu. Zai zauna, zai yi rarrafe, zai yi tafiya, yawanci wajen shekara biyu, wani har uku ko huɗu. Zai iya yin loma da hannunsa, ya sa rigarsa, ya gaishe da mutane, idan an bar shi ya gwada an yi haƙuri da ɓarinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce ƙaddara ce, tunda babu magani sai a rungumi haƙuri a yi ta addu'a. Babu mai imanin da zai yi jayayya da ƙaddara ko ya raina addu'a. Amma ba mu taɓa cewa zazzaɓin cizon sauro ƙaddara ne don haka kada a sha magani ba. Lalurar Down ba ta warkewa, sai dai hudar zuciya tana gyaruwa, tayirod tana da magani, kunne yana da magani. Haƙurin da addini ya yaba shi ne na mai ɗawainiya da abin da Allah ya ba shi amana, wanda ya kai yaro asibiti ya dawo ya ɗaga hannu ya roƙa. Malamai da limamai da fastoci suna da babban aiki a nan, domin su ake fara kai wa kuka. Malamin da aka kawo wa irin wannan jariri, idan ya yi masa addu'a ya ce a wuce da shi asibiti a duba zuciyarsa, ya ceci rai. Wanda kuwa ya karɓi kuɗi ya ce zai fitar da aljani daga jikin yaron da babu aljani a tare da shi, ya ci haram kuma ya cinye wa yaron lokacinsa.

Wani zai ce duk wannan zancen masu hali ne, talaka da ke neman na tuwo ina ya ga kuɗin hoton zuciya, balle tiyata. Wannan magana tana da nauyi, domin tiyatar zuciyar yara tana cin miliyoyin naira, kuma wuraren da ake yin ta a Najeriya kaɗan ne. Sai dai rabin yaran ba su da matsalar zuciya ko kaɗan, kuma cikin masu ita ba kowa ke buƙatar tiyata ba. Gwajin tayirod, rigakafi a kan lokaci, gaggauta zuwa asibiti idan tari ya kama shi, da horon gida, duk suna cikin ikon yawancin iyalai. Idan aka lissafa abin da ake kashewa a kuɗin mota da raguna da turare wajen masu magani cikin shekara biyu, sau da yawa ya isa a kai yaro gaban likitan yara a asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Inda talauci ya zama shinge na gaske, amsar ita ce a tilasta wa hukuma ta sauke nauyinta, a kuma karkatar da zakka da taimakon masu hannu da shuni zuwa nan.

Akwai kuma iyayen da ke ɓoye yaron a ƙuryar ɗaki, suna cewa gudun tsokana da kallon mutane suke yi, wasu kuma suna tsoron kada a ƙi auren 'yan'uwansa. Tsoronsu ba na banza ba ne, domin bakin mutane yana da zafi, kuma 'yan mata masu wannan lalura suna buƙatar tsaro na musamman daga mugaye. Amma ɓoyewa tana hana yaron abin da ya fi buƙata. Yaran nan gwanayen kwaikwayo ne, a cikin tsara suke koyon magana da wasa da ladabi. Yarinyar da ta zauna cikin sa'o'inta suna gaɗa za ta tafa, za ta kama amshi, wata rana ta rera. Haka batun makaranta: masu cewa zai ja sauran ɗalibai baya su sani cewa naƙasun fahimtar yawancinsu tsakanin kaɗan ne da matsakaici, kuma da yawansu suna koyon karatu da rubutu da ƙirga idan an bi su a hankali. A Sifen, Pablo Pineda ya kammala jami'a da wannan lalura. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba, kuma bai kamata a auna darajarsa da haka ba, amma babu mai sanin iyakar yaron da ba a taɓa ba shi allo ko littafi ba.

Renon irin wannan yaro aiki ne mai gajiyarwa, kuma a halin yanzu uwa ce ke ɗauke da shi ita kaɗai. Ita ke kwana a zaune, ita ke layin asibiti, ita ke haɗiye habaici a gidan biki. Uban da ya ɗauki ɗansa a kafaɗa ya fita da shi ƙofar gida, ya tafi da shi masallaci ko coci, ya rufe bakin unguwa fiye da duk wata lacca. Kakanni da gwaggwanni su karɓi goyo uwa ta samu barci. A raba aikin yadda ba zai faɗa kan babbar 'ya har a cire ta daga makaranta ba. Muna cewa ɗa na kowa ne, kuma a kan irin wannan ɗa ake gane ko da gaske muke.

Hukuma kuwa ta riga ta ɗaure kanta da doka. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Abin da ya rage shi ne aiki. Tunda yawancin haihuwa a Arewa maso Yamma a gida ake yi, ungozoma da ma'aikaciyar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi su ne idon farko. A koya musu gane alamun, a koya musu faɗa wa iyaye da tausasawa ba tare da karya musu zuciya ba, a ba su takardar tura jariri babban asibiti. Kowace jiha ta sa hoton zuciya da gwajin tayirod na waɗannan jarirai a cikin tsarin kiwon lafiyar yara kyauta, ta horar da malaman firamare da na Islamiyya yadda za su karɓe su. Ranar 21 ga Maris da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu, wadda ake kiyayewa tun 2012, ta zama ranar da gwamnoni za su faɗi yara nawa aka duba, nawa aka yi wa aiki, nawa suka shiga aji. Iyayen da Allah ya ba wannan amana kuma kada su jira hukuma: duk wanda ya ga alamun a jikin jaririnsa ya kai shi gaban likita a wannan makon, kafin watannin da ba sa dawowa su wuce.